Filin Tambaya da Amsa: Sauya Birkin Tsohuwar Mota daga Ganga zuwa Faifai

Wasiƙun wannan wata sun karkata wuri guda. Masu riƙe da tsofaffin motoci a Kaduna da kewayenta, daga mai Fijo 404 zuwa mai Beetle da mai Land Cruiser, kowa na neman yadda zai cire birkin ganga ya saka na faifai, wanda ake ce wa dis a gareji. Ba abin mamaki ba ne a garin da masana'antar Fijo ta Kakuri ta fara harhaɗa motoci tun 1975, kuma har yau akwai gidajen da irin waɗannan motoci ke ajiye a lulluɓe da tamfol. Mun tsamo tambayoyi bakwai, mun taƙaita masu tsawo, makanikai da injiniyoyin da ke kula da wannan fili suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Fijo 404 salun da na gada daga mahaifina, ƙafafunta huɗu duk ganga ne. Wani abokina ya samo mini kalifa biyu da faifai biyu na Camry a kasuwar Panteka, ya ce da an ɗaura su magana ta ƙare. Kafin in kai wa makanike, me kuka gani? — Wani Alhaji daga Kakuri

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifi. Ka ajiye kayan Camry ɗin tukuna, domin an fara aikin ne daga ƙarshe. Kalifa, wato abin da ke matse faifai in an taka birki, ita ce abu na huɗu da ake zaɓa.

Kafin ma a je can, gara ka san abin da faifai zai ba ka da wanda ba zai ba ka ba. Ganga mai lafiya, wadda aka daidaita takalman da ke goga ta ta ciki, tana iya kulle taya a taka ɗaya, kuma da zarar birki ya kai ga kulle taya, sauran tsayawar tsakanin roba da kwalta take. Don haka a birkin farko, mota na da sanyi, bambancin ba shi da yawa. A na uku da na huɗu ne ganga ke gazawa. Mota mai nauyin kilo 1,200 da ke gudun kilomita 100 a awa, in ta tsaya cak, birkinta ya sha zafin da ya kai kimanin kilojul 460, kuma in gudu ya ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Ganga a rufe take, zafi ba shi da mafita. Tana ɗaukar zafi sai ta buɗe, ta yi nesa da takalmi, feda ya nutse. Faifai kuwa a fili yake, iska na dukansa, in ma ya kumbura wajen fad, wato takalmin da ke goga shi, yake matsowa. Haka da damina: ka ratsa ruwan da ke kwanciya a titi cikin watan Agusta, ganga ta riƙe ruwa ta ja mota gefe guda, faifai kuwa juyi kaɗan ya watsar da shi. Ga shi ba a daidaita shi da hannu.

To in motar masallacin Juma'a da ɗaurin aure kawai take zuwa a cikin gari, sabbin takalma, sabbin silinda na ƙafa, sabon hos da taya mai kyau sun wadatar. In kuwa za ta riƙa hawa hanyar Zariya ko ta Abuja, tsakiyar motocin zamani masu tsayawa nan take, sauyin ya cancanta, amma a gaba kawai, tunda ƙafafun gaba ke ɗaukar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na aikin birki.

Rim ake fara dubawa, don shi ke yanke girman komai. A auna faɗin cikinsa da zurfinsa, a tabbatar faifai da kalifa za su shige a bar aƙalla milimita 3 ta kowane gefe. Rim ɗin da aka ƙera don ganga sau da yawa cikinsa a tsuke yake daidai inda bayan kalifa ke bi. Daga nan sai hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya, da sandar da yake juyawa a kai: girman boris na ciki da na waje, tazarar da ke tsakaninsu, da yawan noti. Nan kaɗai kayan abokinka sun faɗi. Salun 404 noti uku gare ta, 504 huɗu a kan da'irar milimita 140, Camry da ta cika titunanmu kuwa biyar a kan 114.3. Na uku faifai: faɗinsa, kaurinsa, da tsayin hularsa, wato nisan da ke tsakanin inda yake zama a kan hob da inda fad ke kama shi. Tsayin hular nan mutane ke mantawa da shi, alhali shi ke nuna ko kalifa za ta zauna daidai tsakiya ko za ta goga jikin shokazoba. Sai kalifar da aka yi wa wannan kauri, sai masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika man birki zuwa ƙafafu, wadda ta dace da kalifar.

Hanyar da muka fi amincewa da ita ita ce a nemi abin da kamfanin da kansa ya yi daga baya. Fijo ya fara saka faifai a gaban wasu samfuran 404 daga ƙarshen shekarun 1960. In aka samu irin wannan da aka yanka, a kwashe ƙafar gaba gaba ɗaya, hagu da dama, da hob da faifai da kalifa da hos da masta, duka daga mota ɗaya. Injiniyoyin kamfani sun riga sun yi maka lissafin. Kalifar Camry an yi ta ne don mota mai busta, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi a kan feda. Ko an samu dabarar ɗaura ta, mastar 404 ba don ita aka yi ta ba.

Tambaya: Oga, barka da aiki. Na saka wa wani kwastoma faifai a gaban Beetle. Da safe lafiya lau, amma in ya yi tafiyar minti goma sai ƙafafun gaba su kama, rim ya yi zafi har ba a iya taɓawa. Na sauya kalifa ɗaya, bai daina ba. — Makanike daga Kurmin Mashi

Amsa: Barka kadai, Malam. Kada ka ƙara sayen kalifa. Tunda ƙafafu biyun ke kamawa tare, laifin yana inda suka haɗu, wato masta.

Birkin ganga yana da sifirin masu ƙarfi da ke janyo takalma baya. Saboda su, mastar da aka ƙera don ganga galibi tana da wani ɗan bawul a bakin fitar man birki, wanda ke riƙe matsi kimanin fam 10 (psi) a layi ko an saki feda, don robobin silinda su ci gaba da manne wa bango, iska ba ta shiga ba. Kalifa ba ta da sifirin. Abin da ke mayar da fistin ɗinta baya shi ne ɗan lanƙwasar da sil, wato zoben robar da ke kewaye da shi, yake yi, tafiyar da ba ta kai rabin milimita ba. Fam 10 ya fi ƙarfin wannan. Fad ya ci gaba da goga, faifai ya yi zafi, mai ya kumbura, kamun ya ƙaru. Shi ya sa da safe ba ka ganin komai.

Ga yadda za ka tabbatar. Lokacin da ƙafar ta kama, ka ɗaga motar, ka ɗan kwance nonon fitar da iska na kalifa. In mai ya yi tsartuwa, taya ta saki, matsi ne ya maƙale. Ka sake sa ta kama, wannan karon ka kwance fayif a bakin masta. In ta saki daga nan, masta ce. In ba ta saki daga masta ba amma tana saki daga kalifa, hos ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya tafi, ba ya barin ya dawo. In kuwa ko an kwance nono ba ta saki ba, fistin ya cije ko kalifa ta zauna a karkace.

Akwai abu na biyu da ke kawo wannan ciwo: sandar da feda ke tura masta da ita. A Beetle ana barin sarari kimanin milimita 1 tsakanin sandar da fistin, wanda a saman feda zai ba ka wasan milimita 5 zuwa 7. In babu wannan wasa, fistin ba ya komawa gida sosai, sai ya toshe ƙaramin ramin da mai ke bi ya koma tankin man birki. Ka duba wannan kafin komai, kyauta ne.

Magani shi ne mastar da aka yi don faifai a gaba, ganga a baya, mai layi biyu. Volkswagen ya fara saka faifai a gaban Beetle 1500 da Karmann Ghia a samfurin 1967, da masta mai faɗin milimita 19 da kalifa mai fistin na milimita 40, kuma har yanzu ana ƙera waɗannan kaya. Za ka ji ana maganar bawul na fam 2 don faifai. Wannan na motar da tankin man birkinta yake ƙasa da kalifa ne, inda mai ke iya gangarowa baya. A Beetle masta na ƙasa amma tanki na sama, ba ka buƙatarsa. Ga sauran masu Beetle: ku duba ƙafar gaba kafin ku yi oda. Masu bol-joyin, daga 1966 zuwa sama, suna karɓar sandar faifai ta kamfani kai tsaye. Na da, masu linkin-fin, sai da maɗauri na musamman. Ku kuma ƙirga noti, ko huɗu ne a kan 130, ko biyar masu faɗi a kan 205.

Tambaya: Land Cruiser ce da ni, tsohuwar 45, an sa mata injin dizal. Mun ɗauko ƙafafun gaba na samfurin 60 masu faifai. Da muka ga birkin bai gamsar ba sai muka saka babbar masta ta inci ɗaya. Yanzu feda ya zama dutse, sai na miƙe a kai kafin ta tsaya. Ina kuskuren? — Mai gona daga hanyar Kachia

Amsa: Zaɓin ƙafafun 60 ya yi daidai, Malam, hanyar da aka saba bi ke nan a waɗannan motoci. Kuskuren yana cikin zaton cewa babbar masta ita ce birki mai ƙarfi. Akasin haka ne, kuma ya kamata kowane makanike ya riƙe wannan lissafi a ka.

A ce ƙafarka ta danna da nauyin kilo 40, feda kuma yana ninka ƙarfi sau 6. Abin da ya isa fistin ɗin masta kimanin kilo 240 ne. Matsin da zai shiga layi shi ne wannan ƙarfi a raba da faɗin fuskar fistin. Masta mai milimita 19 za ta ba ka matsin kusan ba 84 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). Mai milimita 22.2 ta ba ka kusan 62. Mai inci ɗaya, wato 25.4, ta ba ka 47 kacal. Ƙafa ɗaya, feda ɗaya, amma matsi ya ragu da kusan rabi. Faifai kuwa yana son wajen ba 60 zuwa 80 a birki mai tsanani, don ba shi da taimakon da ganga ke samu, inda juyawar gangar kanta ke ƙara cusa takalmi. Ƙaramar masta na ba da matsi amma feda ya yi doguwar tafiya; babba na ba da gajeren feda mai tauri da ba ya tsayar da mota. Ana neman tsakiya ne: mafi ƙanƙantar mastar da za ta cika kalifofin, feda ya tsaya da tauri kafin ya wuce kashi biyu cikin uku na hanyarsa.

Ta ɓangaren kalifa kuma lissafin a juye yake, babban fistin ya fi matsa fad amma ya fi shan mai. Fistin na milimita 54 ya fi na 48 faɗin fuska da kusan kashi 27 cikin 100. Wajen kwatanta kalifa biyu, gefe ɗaya ake ƙirgawa. Mai fistin ɗaya da ke zamewa a kan fil daidai take da mai fistin biyu masu fuskantar juna, in faɗinsu ɗaya ne. Kada mai shago ya ruɗe ka da yawan fistin.

Amma muna zargin akwai wata matsala a motarka bayan masta. Mastar inci ɗaya da busta take tafiya, busta kuma da zuƙar iska yake aiki, kimanin inci 18 a ma'auni. Injin fetur na samar da wannan zuƙa daga manifol. Dizal ba ya samarwa, sai da famfo na musamman, wanda a yawancin injinan Japan na da yake manne a bayan altaneta. In an sauya inji ba a haɗa wannan famfo ba, ko an sauya altaneta da maras famfo, bustan ya zama kwano kawai. Gwaji: a kashe inji, a taka feda sau biyar ko shida har ya yi tauri, a riƙe, a tayar da inji. In busta na aiki feda zai ɗan nutse ƙarƙashin ƙafa. In bai motsa ba, ka bi hos, da bawul ɗin da ke bakin busta, da famfon.

Sannan feda kansa. Motar da ba ta da busta ana yi mata feda mai ninki kusan 6, mai busta kusan 4. Wanda ya ɗauko akwatin feda na mota mai busta ya yi aiki da shi babu busta zai sha irin wahalar da kake sha. Shawararmu: tunda ƙafafun na 60 ne, a nemo busta da mastar 60, a gyara zuƙar iska. Ka kuma duba rim, wasu tsofaffin na inci 15 ba sa wuce waɗannan kalifofi.

Tambaya: Faifai mai huji-huji da ake tallatawa, ya fi kamu? Kuma na hannu ɗan Kwatano yana da matsala? — Ɗalibi daga Malali

Amsa: Samari, bar mai huji ga masu ado. A motar titi bai ƙara komai, tsagewa kuma daga bakin hujin take farawa, ga ƙurar hunturu da jan laka da ke cika ramukan. Bambancin da ke da amfani shi ne tsakanin faifai guda, mai kaurin milimita 9 zuwa 13, da mai tagar iska a tsakiya, mai kaurin 20 zuwa sama. Ga mota mara nauyi irin Beetle ko 404, guda ya isa. 504 ma da shi ta fito. Mai taga na mota mai nauyi ne ko mai yawan gangara da kaya. Kada a haɗa kalifar mai taga da siririn faifai: fad na cinyewa fistin zai fito fiye da kima, sil ya saki, mai ya zube gaba ɗaya.

Na hannu kuwa, kalifa da hob ana iya saya a sabunta su da sabon sil, muddin fistin bai yi tsatsa ba. Faifai da fad da hos gara sabbi. In dole ne, kowane faifai an rubuta mafi ƙarancin kaurinsa a gefe ko a kan hula. Ka auna da ma'aunin maikiromita a tsakiyar inda fad ke bi, ba a baki ba, don baki na da tudu. Bayan an ɗaura, a sa agogon awo a juya: kaɗawar kada ta wuce milimita 0.1, in an samu 0.05 ya fi. Sau da yawa tsatsar da ke fuskar hob ce ke kawo kaɗawa, a kankare ta tas kafin a ɗora faifai.

Tambaya: Mijina yana da 504 a-kori-kura da yake ɗaukar hatsi. Gabanta faifai ne, yana so ya sa a baya ma, ya ce ai salun tana da shi. Kuɗin da aka yanka masa ya yi mini yawa, shi ne na ce bari in tambaya. — Wata Hajiya daga Tudun Wada

Amsa: Hajiya, ki gaya wa maigida mun goyi bayanki. Gaskiya ne akwai salun 504 masu faifai a ƙafa huɗu, amma waɗannan ƙafafunsu na baya kowace da nata motsi ne. A-kori-kura gatari guda ne da sifirin na ganye, kayan ba sa hawa juna sai da ƙira mai yawa, riba kuma kaɗan ce.

Haɗarin ya fi ribar. Motar kaya nauyin bayanta na sauyawa ƙwarai tsakanin tana cike da buhuna da tana wayam. In birkin baya ya fi ƙarfin nauyin da ke kansa, tayoyin baya su riga na gaba kullewa, motar da bayanta ya kulle kuwa juyawa take yi, ba ta jin sitiyari. Ƙa'ida a kowace mota ita ce gaba ya riga baya kullewa. Shi ya sa ake saka bawul mai rage matsi a layin baya, a wasu motocin kaya ma a haɗa shi da gatari da ɗan sanda don ya gane nauyi. In nasa yana da irin wannan, a duba ko bai cije ba, ko wani bai cire ya jefar ba, abin da ake yawan yi. Ga kuma birkin hannu. Ganga ta fi riƙe mota mai kaya a gangare, kalifar baya kuwa sai an samo mai ɗauke da na'urar birkin hannu a cikinta, a kuma ƙera mata waya. A ba gangar sabbin takalma da silinda, a auna cikinta kada ta wuce iyakar da aka rubuta a jikinta, a daidaita. Ragowar kuɗin a sa a taya. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida robarta na iya bushewa ko da zanenta na nan.

Tambaya: Ni mai walda ne. Ana kawo mini aikin maɗaurin kalifa. Wane ƙarfe ya dace, kuma zan iya yin walda a jikin sandar ƙafa? Fayif ɗin jan ƙarfe na masu gyaran firji fa? — Daga tsohuwar Panteka

Amsa: Madalla da ka tambaya, Malam, domin duk ƙarfin birki ta wannan maɗauri yake bi ya shiga jikin mota. A yanka shi daga farantin ƙarfe guda mai kaurin milimita 10 zuwa 12, ba haɗe-haɗe ba, a kai wa mai injin sassaƙa ya daidaita fuskokinsa biyu, a huda ramuka a kan injin tsaye. A fara gwadawa da katako ko kwali mai kauri har fad ya hau fuskar faifai duka, bai leƙo sama ba, bai sauka ƙasa ba, faifai kuma ya ratsa tsakiyar kalifa daidai. In akwai 'yar tazara a cike ta da siraran faranti da aka auna, kada a jera wasa biyar a kan bol. Bol ya zama mai lamba 10.9 a kai, a shafa masa maganin hana kwancewa, a ɗaure da sifana mai awo. Walda a jikin sandar ƙafa ko nokul, a'a. Zafin na sauya ƙarfen, tsagar kuma ba ta nuna kanta sai ranar da ta karye. A yi amfani da ramukan da farantin ganga yake ɗaure a kai.

Sabon hob da faifai kan turo taya waje da 'yan milimita, kuma su cinye tsawon kusoshin taya. Noti ya shiga aƙalla tsawon kaurin kusar: ga mai milimita 12 da zare 1.5, juyi 8 ke nan cikakku.

Jan ƙarfen firji kada ya kusanci birki. Girgiza na sa shi tauri har ya tsage. Fayif ɗin birki na ƙarfe ne, ko gaurayen jan ƙarfe da nikel, mai faɗin milimita 4.75. Bakinsa iri biyu ne: mai ninki biyu, wanda motocin Japan da Amurka suka fi amfani da shi, da mai kumburi kamar kan albasa, na yawancin motocin Turai. Ba sa zama a mazaunin juna, ko sun ɗauru za su yi yoyo in matsi ya hau. Zare ma haka: na milimita 10 da na inci 3/8 sun yi kama ƙwarai, har ɗaya ya shiga ɗaya ya yi kamar ya kama, sai a birkin gaggawa ya fizge. Duk mai haɗa kalifar Japan da motar Faransa, ko ta Ingila irin Land Rover, ya duba wannan da idonsa. Hos kuma a gwada shi mota na ɗage, ƙafa na reto, a karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama. Kada ya miƙe, kada ya taɓa taya.

In motar mai layi ɗaya ce, wannan ne lokacin mayar da ita layi biyu. A layi ɗaya, hos guda ya fashe ƙafa huɗu sun tafi. Amurka ta wajabta layi biyu a sabbin motoci tun 1968.

Tambaya: Mun gama haɗa komai, mun fitar da iska har gwangwani uku, feda na nan kamar soso. Kuma wane mai za mu zuba? — Yaron gareji daga Rigasa

Amsa: Leƙa ka ga inda nonon fitar da iska yake. In yana ƙasan kalifa, kun sa ta hagu a dama. Iska sama take taruwa, nono dole ya kasance a sama, in ba haka ba ko katan kuka zuba ba za ta fita ba. In wannan daidai ne, a cire masta a fitar mata da iska a kan benci, a mayar, sannan a bi ƙafafu daga mafi nisa da masta zuwa mafi kusa. A daidaita takalman baya tukuna, don gangar da ta yi sako-sako na cinye tafiyar feda. A kuma duba boris na gaba. In yana da wasa, faifai na kaɗawa ya tura fistin baya, sai taka ta farko ta tafi a banza.

Mai kuwa DOT 4. Sabonsa sai ya kai digiri 230 yake tafasa, DOT 3 kuma 205, amma dukansu suna shan danshi, in sun sha sai su sauko zuwa 155 da 140. Kalifa ta fi silindar ganga kai zafi ga mai, don haka a sauya duk shekara biyu, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da su, 5.1 yana gauraya. Man inji, man giya ko ruwan sabulu da wasu ke zubawa a hanya suna lalata robobi ko su tsatsar da fistin, in sun shiga sai an sauya kowane sil. Tankin ma ya zama babba, don fad na cinyewa fistin na fitowa, mai na sauka.

Kafin ku miƙa mota, a danna feda da ƙarfi na rabin minti; in yana nutsewa a hankali, akwai yoyo ko masta na zubarwa ta ciki. Sannan a nemi miƙaƙƙen titi da ba kowa. A yi birki matsakaici sau 8 zuwa 10 daga kilomita 60 zuwa 10 ba tare da tsayawa cak ba, a yi tafiyar minti biyar don ya huce, kada a tsaya da ƙafa a kan feda faifai na da zafi. Bayan haka a koma kan tsakuwa ko jar ƙasa, a gudun kilomita 30, mutum ɗaya ya tsaya can gefe yana kallo, direba ya taka da ƙarfi. In tayoyin baya suka riga kullewa, a rage matsin baya da bawul mai daidaitawa, a sake gwadawa, motar na wayam sannan da kaya. A gaya wa mai ita ya lallaɓa birkin a kilomita 300 na farko, ya dawo a sake bin bol ɗin maɗauri da notin taya da sifana mai awo.